Sharhin Zanen Yara

Wani ne yake aiki a wani ɗan gidan rediyo. In ka ji shi a bakin layi yana cewa "mu 'yan rediyo," sai ka rantse shi ke karanta labaran duniya. Alhali aikinsa a wurin naɗe wayoyi ne, da jera kujeru, da canza ƙwan fitila in ya mutu, da dafa shayi in an yi baƙi. Mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa, sai dai Allah ya yi shi da kunne mai ɗaukar magana ta inda ba a nufa ba.

Duk shekarun da ya yi a wurin, sau ɗaya tak aka taɓa jin sautinsa a rediyo. Bara ne. Ya lallaɓa ɗakin shiri zai ajiye wa mai labarai ruwa, sai atishawa ta ƙwace masa daidai saitin makirufo. Ba ƙaramar atishawa ba, irin wadda in an yi ta a tsakar gida kaji ke watsewa. Duk mai rediyo a kunne ya ji ta. Tun ranar Manaja ya ce kada ya sake taka ɗakin nan in ana shiri.

A gida kuwa atishawar nan ta zama abin alfahari. Yana da 'ya guda ɗaya, ita ce ta fari ita ce Auta. Ranar da abin ya faru tana zaune gaban rediyo, tana ji ta yi tsalle ta ce, "Ta Baba ce!" Washegari ta baza labari a makaranta. Da farko yara suka yi ta mamaki. Da tafiya ta yi nisa sai suka mayar da abin tsokana. In ta wuce sai su yi atishawa su ce, "Ga labaran duniya daga babanki."

Kullum da yamma sai ta ɗauko rediyo ta ɗora a cinya tana jira. In ya dawo ta ce, "Baba, yaushe za ka yi magana?"

Shi kuma ya ce, "Ana nan ana shiri, Auta."

Maganar nan tana cin ransa ba kaɗan ba. Abin da yake so a duniya bai wuce ya zauna gaban makirufo ya kira sunan 'yarsa gari ya ji ba.

To, ran nan sai mai sharhin fina-finai na gidan ya wayi gari ba murya. Ya je kallon ƙwallo ya yi ta ihu, murya ta tafi ta bar shi. Sauran ma'aikata kowa ya fita aiki. Manaja ya leƙo daga ofis, waya a kunnen dama, wata a hannun hagu. Ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa sai gogan naka yana wanke kofuna.

"Kai, zo nan. Ka iya magana?"

"Ranka ya daɗe, ai tun ina ɗan shekara biyu."

"Madalla. Yau da rana akwai zanen yara a ɗakin taron nan na bayan kasuwa. Ka je ka kalla. Da yamma ka shiga shirin yara na Anti ka yi mana sharhi."

Manaja dai fim yake nufi, irin na zane mai motsi ɗin nan da dabbobi ke magana a ciki. Shi kuwa mutumin naku, a iya saninsa zane iri biyu ne a duniya: wanda mata ke ɗaurawa, da wanda malamin lissafi ya riƙa yi masa da bulala. Da ya ji "ka shiga shiri" sai baki har kunne. Da "zanen yara" ya gama isa ƙwaƙwalwarsa sai murmushin ya ɗauke.

"Zanen yara, ranka ya daɗe? A gaban jama'a?"

"Har da katin shiga aka buga."

"Me suka yi?"

"Su wa?"

"Yaran."

"Ba abin da suka yi, nasu zuwa ne kawai. Daga wata tatsuniya abin ya samo asali."

"A kan tatsuniya kawai?"

"Kai, gajere ne fa, kafin ka gyara zama an gama. Ungo kati. Ka tafi da 'yarka, ba sa barin babba ya shiga sai da yaro."

"Da Auta, ranka ya daɗe?"

"Ai irinsu ake nema."

Wayar hagu ta yi ƙara, Manaja ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Gogan naka ya kama hanyar gida yana magana shi kaɗai. In ya ƙi zuwa, shi da makirufo sai a mafarki. In ya je, a zane masa 'ya yana kallo. Ya yi ta saƙawa yana kwancewa har ya zo ƙofar gida, a nan dabara ta faɗo masa.

Ya tarar da maiɗakinsa tana guga a falo.

"Maman Auta, yau zan yi magana a rediyo."

Ta ajiye dutsen guga. "Magana magana, ko irin ta bara?"

"Magana da baki. Amma sai na fara zuwa kallon zane."

"Zane? Sabon yayi aka kawo? In ka ga mai ruwan ganye ka riƙo mini."

"Ba irin wannan zanen ba ne."

"Wane iri ne?"

Ya ce, "Na yara ne."

"To ka riƙo wa Auta."

Ya ga in ya yi mata bayani, ko bakin ƙofa yarinyar ba za ta kai ba. Sai ya ja Auta ɗaki. Ya sa mata wando a kan wando, riga a kan riga, ya yago kwalin sabulu ya cusa mata a baya, ya ɗora rigar sanyi a sama, ga rana kuwa ana ƙwallawa. Yarinya ta koma kamar buhun auduga, hannuwanta ma ba sa sauka.

"Baba, zafi nake ji."

"Yi haƙuri, za ki gode mini. Ki saurara da kyau. In an zo kanki, ki fara ihu tun kafin a taɓa ki. Ni da haka na tsira a makaranta."

"Wa zai taɓa ni?"

"Ba kowa, ina nan."

Ya faki idon maiɗakin ya shiga kicin, ya ɗauko farantin ƙarfe da ake kawo wa baƙi ruwa a kai, ya cusa a bayan wandonsa ya ja riga ya rufe. Ya riga ya yanke shawara. In abin ya zo kan Auta, zai kwanta ya ce a yi masa nata. Dariya dai za ku yi, amma ni a nan mutumin ya burge ni.

Suna fita maiɗakin ta bi su da kallo. "Baban Auta, me ya samu tafiyarka?"

"Tafiyar 'yan rediyo ce."

"Mai ruwan ganye fa, kada ka manta!"

Suka isa ɗakin taro. Ga yara nan layi guda, an yi musu wanka an shafa musu mai, suna ta tsalle suna ture juna, kowa na so ya riga shiga. Iyaye na ta hira suna dariya. Gogan naka ya riƙe baki. Ya ce a ransa, lallai yaran zamani zuciya gare su. Su a lokacinsu sai an haɗa da ƙarti biyu kafin a kai mutum gaban bulala.

Ya matsa kusa da mai karɓar kati ya rage murya. "Malam, wai wane ne mai zanen?"

Mai kati ya nuna masa wata 'yar siririyar budurwa mai tabarau, tana tsaye gefen ƙofa tana gaisawa da mutane. "Ga ta can. Ita kaɗai ta yi duka."

"Ita ke dukan?"

"Duka ita ce, ba wanda ya taya ta."

Ya dube ta sama da ƙasa. Ko iska mai ƙarfi aka yi sai ta yi gaba da ita. Amma ya san irinsu. Malamin lissafinsu ma haka yake kamar tsinke, kuma har yau in hadari ya taso yana jin wurin. Ya tuna shi ɗan jarida ne yau, sai ya gyara riga ya ƙarasa, Auta na biye da shi tana haki.

"Sannu, malama. Daga gidan rediyo nake. Ke ce mai zanen?"

"Ni ce, Baba. Sannu da zuwa, na gode da kuka zo."

"Tun yaushe kike wannan aikin?"

"Ai tun ina ƙarama. A kan ƙannena na koyi zane. Sai in zaunar da su in ce kada wanda ya motsa."

"Iyayenku suna kallo?"

"Su suke saya mini kayan aiki ma."

Ya girgiza kai. "Hannunki ba ya ciwo?"

"Yana yi sosai. Wani lokaci har sai na gasa shi da ruwan zafi. Ka san kafin a samu motsi ɗaya, sai na yi zane sama da goma."

"Kai! Taurin kai gare su haka?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake. "Wasu kam sai a hankali. Amma yanzu na samu sauƙi, da na'ura nake yi."

"Na'ura! Har an ƙera na'urar zane?"

"Tun yaushe. Ta fi sauri. In bai yi yadda nake so ba, sai in sake daga farko."

Ya jawo Auta bayansa ya kare ta, ya sassauta murya. "Malama, alfarma nake nema. Wannan ita kaɗai gare ni. In akwai zanen da za a yi mata, don Allah a yi mini shi."

Budurwar ta leƙa ta kalli Auta ta yi murmushi. "Ai ba sai an zaɓa ba, sai in haɗa ku ku biyu. In an tashi ku jira ni. Fuskarka ma ta dace da zane, Baba."

"Fuska? A fuska kike yi?"

"Kullum daga fuska nake farawa."

Ya kai hannu ya shafa farantin da ke bayansa. Duk shirin da ya yi, ashe ba a inda ya kamata ya yi shi ba.

Aka ce a shiga. Ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Yana zama faranti ya bugi ƙarfen kujera, ƙwal! Duk ɗakin aka waigo. Ya yi kamar ba shi ba, har da taya su waige.

Aka kashe fitilu. Ya damƙe hannun Auta ya ce, "Fara ihun."

"Baba, yi shiru, za a fara."

Sai bango ya yi haske. Kiɗa ya tashi. Ga daji an zana shi da kore da ruwan ɗorawa, ga wata 'yar bushiya ta fito daga ƙarƙashin ganye tana ƙifta ido. Yara suka sa tafi. Gogan naka ya duba hagu ya duba dama, ba bulala ba na'ura.

"Auta, ina zanen?"

"Ga shi nan kana kallo. Irin wanda nake yi a bayan littafina ne, amma wannan yana tafiya."

Ya sake kallon bangon. Can ya ce, "Ai na sani. Gwada ki nake yi." Ya sauke wata ajiyar zuciya da ta sa hular yaron da ke gabansa ta motsa. Ya lallaɓa ya zare wa Auta rigar sanyi da kwali. Nasa farantin kuwa ya ƙi fita, don in ya ja sai ya yi ƙara.

Labarin fim ɗin ba wani mai tsawo ba ne. 'Yar bushiyar ba ta da uwa. Tana zaune tana kallon 'ya'yan dabbobi, kowa uwarsa ta goya shi, ita ba wanda ya taɓa goya ta saboda ƙayar jikinta. Ta je wurin akuya ta ce, "Inna, goya ni." Akuya ta ce bayanta na ciwo tun jiya. Ta je wurin jaki, ya ce shi kaya ya ɗauko. Ta je wurin tunkiya, ta ce yanzu ta gama taje gashinta.

Tun daga kan akuya gogan naka ya manta da zancen sharhi. Da tunkiya ta juya baya sai ya miƙe tsaye.

"Ƙarya take yi! Wane gashi? Ku dube ta fa!"

Yara suka ce, "Shhh!"

Wata yarinya da ba ta gama famfara ba ta juyo ta ce, "Baba, in ba za ka yi shiru ba a kai ka waje."

Ya zauna. Ƙwal!

Bushiya ta koma bakin rafi ta kwaɓa laka ta shafe ƙayarta duka, ta yi sumul, ta taho da murna za ta nuna wa akuya. Tana cikin tafiya sai ruwan sama ya sauko ya wanke lakar tas. Ta tsaya cikin ruwa ita kaɗai, ta dunƙule. A nan aka fara jin wani sauti daga bakin ƙofa, kamar ana jan tebur a kan siminti. Mutumin naku ne.

Sai ga wani tsohon kunkuru ya taho. Ya tsaya ya dube ta. Bai tambaye ta komai ba. Ya durƙusa ya ce, "Hau, 'yata. Bayana ba ya jin ƙaya."

Jama'a, yara sun yi tafi, iyaye sun yi murmushi. Shi kuwa gogan naka sai ya ɓarke da kuka, kuka na gaske, da majina da komai. Auta na bubbuga kafaɗarsa tana cewa, "Baba, zane ne fa. Baba, ana kallonmu." Aka kunna fitilu yana tsakiyar abinsa, bai samu ko goge fuska ba.

Mai zanen ta cika alkawari. Ta zaunar da su a bakin ƙofa, ta ɗauko fensir, kafin ka ce me ta zana su a takarda ta miƙa masa. Daga fuska ta fara kamar yadda ta faɗa, kuma ba ta rage ko hawaye ɗaya ba.

A hanya Auta ta ce ta gaji, ya goya ta. Tana hawa gwiwarta ta bugi faranti. Ta ƙwanƙwasa shi da hannu. "Baba, ashe kai ma kunkuru ne?"

Ya ce, "Kada ki faɗa wa mamanki."

Ya sauke ta a gida ya ce ta kunna rediyo, yau har sunanta zai kira. Kafin ya juya ta fita da gudu kiran ƙawayenta, har da masu yi mata atishawa, su ta fara kira ma. Maiɗakin ta leƙo ta ce ina zanenta, ya ce sai ya dawo. Ya jefa faranti bayan ƙofa ya nufi gidan rediyo.

Anti, mai gabatar da shirin yara, ta zaunar da shi a kujerar da shekara da shekaru shi ke goge ta bai taɓa zama a kai ba. Ta sa masa abin ji a kunne, ta gyara masa makirufo.

To akwai wata jar fitila a saman ƙofar ɗakin, ita ke nuna an fara watsa shiri. Ƙwanta ya mutu tun makon jiya. Wa aka ce ya canza? Shi. Ya canza? Bai canza ba.

Anti ta ce, "To, bismilla, mu ji me ka gani."

Gogan naka ya gyara murya. Wallahi ba wanda ya san yana da baki haka.

"Masu sauraro, barkanku da yamma. Da farko ina kira ga hukuma da a daina ce wa abin nan zanen yara, ana tayar wa iyaye hankali. Fim ne, ba a taɓa kowa. Na je na gani da idona. Gyara na farko, akuyar ta cika surutu, wanda bayansa ke ciwo ba ya dogon bayani haka. Na biyu, lokacin da ruwa ya sauko kiɗa ya yi yawa, ya kamata a bar mutum ya ji saukar ruwan. Na uku, kunkurun ya yi sauri. Ni na san kunkuru, wannan tafiyar ta mai keke ce. Na huɗu, fim ɗin ya yi gajarta, kuma ana saurin kunna fitila, ba a ba manya lokaci su kintsa. Amma idon bushiyar nan, jama'a! Ɗigo biyu ne kawai na baƙi, amma in ta ɗago ta dube ka sai ka tuna duk wanda ka taɓa ce wa ba ka da lokaci. Yarinyar da ta zana shi Allah ya yi wa hannunta albarka, ta riƙa gasa shi da ruwan zafi. Ku kai 'ya'yanku, ba sai kun sa musu kwali ba. A ƙarshe ina gaida 'yata Auta, Auta ta Baba, da mamanta, da 'yan ajinsu, musamman masu mura."

Ya jingina da kujera yana huci kamar wanda ya sauke buhu. Anti ta tafa masa.

"Kai, madalla! Ashe haka kake? To haka nake so ka yi in mun shiga."

"In mun shiga ina?"

"Shirin mana. Wannan ai gwaji ne, talla ake yi. Shirya, ga mu nan."

Ya ɗaga kai ya kalli fitila. Fitila ta yi masa shiru kamar yadda ya bar ta. Anti ta ɗaga yatsa, ta sauya murya.

"Yara manyan gobe, barkanmu da yamma. Yau muna tare da babban baƙo, wanda ya je ya kallo mana sabon fim ɗin 'yar bushiya. Baba, kafin komai, ka ba mu labarin wurin nan da tsohon kunkuru ya durƙusa. Me ya ce mata?"

Ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, kalma bakwai ce kacal. Sai ya hango bushiyar cikin ruwa. Sai ya tuna gwiwar Auta a kan faranti. Leɓensa ya fara rawa.

"Baba, muna jin ka."

Abin da ya fito ba kalma ba ce. Ya fara da siririya kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, ya yi sama, ya dawo da shessheƙa. Anti ta ce, "Baƙonmu yana tattara tunaninsa." Ya ƙure muryar da Allah ya ba shi. Ta miƙa masa ruwa, ya sha, ya samu ƙarfin ci gaba. Ta ce, "Ko akwai wanda kake so ka gaisar?" Ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna hanyar gida, kamar masu sauraro suna ganinsa. Daga ƙarshe ya jawo gefen labulen ɗakin ya fyace hanci, daidai saitin makirufo. Anti ta sa waƙa.

Yana fitowa ya ci karo da Manaja, wayoyi biyu duk suna ƙara.

"Kai, me ka yi haka? Tunda aka buɗe gidan nan ba a taɓa kiranmu irin na yau ba. Kowa tambaya yake a ina ake nuna fim ɗin da ya sa ƙato kuka."

"Ranka ya daɗe, a ba ni dama in sake. Minti ɗaya kawai, suna ɗaya zan kira."

"Lokaci ya ƙare. Ka wanke labulen nan, kuma ka canza mana ƙwan fitila."

Ya kamo hanyar gida. Tun daga bakin layi ya hango yara cike da ƙofar gidansa. Ya so ya juya, sai Auta ta gan shi. Ta taho da gudu ta rungume ƙafarsa.

"Baba, na gane ka! Tun daga shessheƙar farko na ce musu kai ne! Kuma ka daɗe, ka fi na bara daɗewa sosai!"

Ɗaya daga cikin masu atishawar ya matso ya ce, "Baba, wai me kunkurun ya ce?"

Leɓen gogan naka ya sake ɗaukar rawa. Auta ta yi maza ta ja shi cikin gida.

Maiɗakin tana tsaye a falo, rediyo a hannu ɗaya, faranti a ɗaya hannun, ya lotsa a tsakiya. Idonta ya yi ja, kuma ba kuka ta yi ba.

"Sannu da aiki, 'yan rediyo. Ina zanena?"

Ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa mata. Ta warware. Ga shi nan an zana shi, baki a buɗe, hawaye layi biyu, Auta na bubbuga masa kafaɗa. Ta juya takardar ta duba bayanta.

"Ba mai ruwan ganye?"

Ya zube a kujera ya dafe kai. "Ki bari, Maman Auta. Na yi magana fa. Wallahi na yi, mai daɗi, har na kira sunanta sau biyu, ashe ba a kunna ba. Yau ce kaɗai damata. Na yi wa yarinyar nan alkawari gari zai ji sunanta a bakina, ga shi ko kalma ɗaya ban furta ba."

Ta ajiye faranti, ta zauna kusa da shi, ta dafa kafaɗarsa.

"Haba Baban Auta, mene ne abin damuwa? Bara atishawa, bana kuka. Ita ma Autar ai da haka ta fara kafin ta iya magana."